Allurar narkar da gudan jini: me ya sa likita ya ƙi yi wa Baba?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na san akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu. Mahaifinmu, shekararsa 68, ya samu shanyewar ɓarin jiki ranar Talata. Da asuba Hajiya ta je tashinsa sallah ta tarar bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki, magana ba ta fita. Ba mu tsaya hayaƙi ko rubutu ba, bakwai da kwata muna asibiti. Kafin ƙarfe tara an ɗauki hoton kansa, aka ce ba jini ne ya zuba ba, jijiya ce ta toshe. Ɗan yayata da ke karatu a Ingila ya bugo waya ya ce akwai allurar da ke narkar da gudan jinin, a can idan an kai mutum cikin awa huɗu da rabi yi masa ake yi, wasu har su koma gida da ƙafarsu. Na samu likita na ce ko nawa ce za mu saya. Ya yi ta jero mini tambayoyi, daga ƙarshe ya ce ba zai yi ba. Daga biyar da rabi zuwa tara ai awa uku da rabi ne. Yau kwana tara Baba yana kwance. Sakaci ne wannan, ko akwai abin da ban gane ba?

Maman Tagwaye:
Innalillahi. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Amin. Malam, ni dai ba na shakka, ba su da allurar ne kawai. Maimakon su ce maka babu, sai su lulluɓe ka da tambayoyi har ka gaji ka haƙura.

Likitan Gaggawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya tashi kafaɗun Baba. Ɗan'uwa, kafin in ce komai ina neman amsar abu uku. Yaushe ne na ƙarshe da wani ya gan shi lafiya lau, yana tafiya yana magana? Nawa awon jininsa ya nuna da kuka isa? Sannan wane magani yake sha kullum?

Ɗan Fagge:
Irin tambayoyin wancan likitan ke nan. Mun yi isha'i tare, ya ci tuwo, ya shiga ɗaki wajen tara da rabi na dare. Awon jini na ji nas ta ce 210 bisa 120. Magani kuma akwai na hawan jini, da wata 'yar ƙaramar ƙwaya da likitan zuciya ya ɗora shi a kai bara saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Ƙanwata ce ta nuna wa likitan kwalin, Xarelto aka rubuta a jiki.

Likitan Gaggawa:
To, ka ba ni amsa, kuma da ni ne a gabansa ran nan, abin da ya yi shi zan yi. Bari in warware maka a hankali.

Agogon ba daga lokacin da aka tarar da mutum yake fara lissafi ba, daga lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe ne. Babu wanda ya san ko jijiyar ta toshe ƙarfe goma na dare ko biyar na asuba. Saboda haka a wurin likita, Baba ya kwana da ciwon, awa goma sha ɗaya da rabi ke nan lokacin da aka ɗauki hoto. Dalilin tsananin nan kuwa shi ne, ɓangaren ƙwaƙwalwar da jini ya daina kaiwa, jijiyoyinsa ruɓewa suke fara yi. Idan an daɗe sannan aka buɗe hanya, jini ya taho da ƙarfinsa, bangon jijiyar ba ya iya riƙewa. Ka ga madatsar ruwan da ta jiƙa ta yi laushi aka sako mata ambaliya.

Na biyu hawan jini. Ƙa'ida ita ce sai ya sauka ƙasa da 185 bisa 110 kafin a fara, a kuma riƙe shi ƙasa da 180 bisa 105 har awa 24 bayan an gama. Wannan kam ana iya saukar da shi da allura, shi kaɗai ba ya rufe ƙofa.

Na uku shi ne mai nauyin. Xarelto maganin tsinka jini ne. Wanda ya sha shi ko irinsa cikin awa 48 da suka wuce, ba a yi masa allurar narkarwa sai in akwai gwaji na musamman da ya nuna maganin ya fita daga jini. Allurar nan, altefiles, wadda ake sayarwa da sunan Actilyse, ba ta san gudan jinin da ya toshe ƙwaƙwalwa da wanda yake toshe wani ƙaramin rauni a ciki ko a hanji ba. Duk wanda ta tarar narkar da shi take yi. A haɗa ta da jinin da dama an tsinka shi, in ya ɓalle a cikin kai, da wuya a tsayar.

Ɗan Fagge:
Amma Likita, Baba ba kullum yake shan ƙwayar ba. Tsada take yi, yakan tsallake kwana ɗaya ko biyu don ta kai ƙarshen wata. Mun sha faɗa da shi a kan haka. Wataƙila ma daren bai sha ba.

Likitan Gaggawa:
Wataƙila. Amma wa zai tabbatar, alhali shi ba ya iya magana a lokacin? Ba a ɗora wannan allura a kan wataƙila. Kuma tsallake ƙwayar nan da yake yi, ya yiwu shi ya ba gudan jinin damar haɗuwa a zuciya har ya tafi kai. Ban faɗa don in sa muku damuwa ba, don gaba ne.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Likita, da ma ai ba za ka ce ɗan'uwanka ya yi kuskure ba. Ka faɗa mana tsakani da Allah, asibiti nawa ne a arewa suke da allurar nan a ajiye?

Likitan Gaggawa:
Alhaji, a nan kana da gaskiya, kuma ba zan kare abin da bai kamata ba. Asibitoci da yawa ba su da ita, wasu suna da injin hoton siti, wanda ke nuna cikin kai, amma ya lalace ko babu wuta, wasu sai an biya kuɗin hoto kafin a tura majinyaci, lokaci yana tafiya. Inda babu, wajibi ne likita ya ce babu, a san abin yi. Sai dai a maganar Baba, ko da kwali goma ne a firji, bai cancanta a yi masa ba. A Ingilan ma ba za su yi masa ba in sun ga kwalin nan.

Malamin Lissafi:
Ni alƙaluma nake so. Ana ta cewa haɗari, haɗari. Mutum nawa ne cikin ɗari jinin ke ɓalle musu, nawa ne kuma suke amfana?

Likitan Gaggawa:
Malam, binciken da ya buɗe wannan hanya an yi shi a Amurka, aka wallafa a 1995, ana kiransa NINDS. Majinyata 624, duk cikin awa uku na farko. Zubar jini a ƙwaƙwalwa mai tsananta ciwo ta samu kashi 6.4 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar, su kuwa waɗanda ba a yi wa ba kashi 0.6. A ɗaya ɓangaren, bayan wata uku, an samu ƙarin mutum 11 zuwa 13 cikin ɗari da suka warke sarai ko kusan haka. Mace-mace kashi 17 ne a masu allura, 21 a sauran, bambancin da masu binciken ba su ɗauka tabbatacce ba. A 1996 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita. A 2008 wani binciken Turai, ECASS na uku, mai mutum 821, ya faɗaɗa lokacin zuwa awa huɗu da rabi: kashi 52.4 suka samu sauƙi mai kyau a kan 45.2, zubar jini kuma 2.4 a kan 0.2 bisa ma'aunin da suka yi amfani da shi.

Malamin Lissafi:
Wato a binciken farko kusan mutum ɗaya cikin 16 jini ya zuba masa a kai, kuma kusan ɗaya cikin takwas ne ya samu ribar da ba zai samu ba in babu allurar. A na biyun ribar ta ragu zuwa kamar ɗaya cikin 14. Kuma duk wannan a cikin mutanen da aka tace ne, aka fitar da masu shan maganin tsinka jini da makamantansu. To wanda aka fitar ɗin, haɗarinsa ya fi wannan ke nan. Gaskiya na ɗauka abin ya fi haka armashi yadda ake kururuta shi.

Likitan Gaggawa:
Lissafinka ya tafi daidai. Ko a tsakanin likitoci an daɗe ana jayayya, wasu likitocin gaggawa a Amurka da Ostireliya sun soki binciken farko da cewa rukunonin biyu ba su yi daidai da juna ba wajen tsananin ciwo tun farko. Ni ra'ayina allurar tana da amfani na gaske ga wanda ya dace kuma ya zo da wuri. Wanda ya taɓa ganin magidanci ya shigo ba ya iya ɗaga hannu, kashegari ya riƙe kofi da kansa, ba zai raina ɗaya cikin takwas ba. Amma na kuma tsaya a kan wanda ta kashe, kuma ban manta fuskar matarsa ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Bari in sa baki ta ɓangarenmu, don mu ne muke kwana a kan majinyacin. Mutane suna ɗauka allura ce a soka a tafi. A'a. Ana auna ta da nauyin jiki, miligiram 0.9 ga kowane kilo, ba ta wuce 90. Kashi goma cikin ɗari a tura cikin minti ɗaya, sauran ya bi ta ledar ƙarin ruwa tsawon awa guda. Daga nan duk minti 15 sai an auna jini an duba hankalinsa har awa biyu, sannan duk rabin awa har awa shida, sannan duk awa har a cika 24. Ba asfirin, ba hefarin, don su ma tsinka jini suke yi, sai an sake hoto. Muna kauce wa allurar tsoka, da sa robar fitsari ko ta hanci in ba dole ba, don ko'ina aka taɓa jini yake yi. In ya ce kansa na sarawa, ko ya yi amai, ko ya fara gyangyaɗi, ko jini ya yi sama farat ɗaya, nan take a rufe ruwan a garzaya hoto. Akwai kuma kumburin leɓe da harshe, wanda kan iya toshe numfashi, ya fi samun masu shan lisinofiril ko enalafiril na hawan jini. To ku duba ɗakin da nas ɗaya take kula da gado ashirin da dare, ku gaya mini yadda za a yi wannan gadin. Kuma in jinin ya ɓalle, sai akwai bankin jini mai kayan daskarar da jini a kusa, da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Allurar ita ce mafi sauƙin samu a cikin duk abin da ake buƙata.

'Yar Maraɗi:
Sannunku. Ina karantawa jikina yana sanyi, don mun ga irin wannan. Gwaggona ta samu shanyewar jiki a ƙasar waje inda ta je wajen ɗanta, aka kai ta cikin awa biyu. Likita ya tambaya ko ta taɓa zubar jini ta ciki kwanan nan, ɗanta ya ce a'a, don bai sani ba. Ashe mako guda kafin nan tana yin bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, tana da gyambon ciki, kuma tana ta shan maganin ciwon gwiwa. Surukarta kaɗai ta gaya wa, don ba za ta iya faɗa wa ɗan fari irin wannan magana ba, kun san kunyarmu. Surukar kuma tana gida da yara. Aka yi allurar, cikin dare ta fara aman jini. Leda huɗu aka ƙara mata. Allah ya yi da sauran kwana, ta rayu, hannun ma ya dawo, amma mun ga tashin hankali. Tun daga nan nake cewa in za a kai tsohuwa asibiti, a tafi da macen da take faɗa wa sirrinta.

Likitan Gaggawa:
Hajiya, na gode da wannan, ya fi duk bayanin da zan yi. Zubar jini a ciki ko hanji cikin kwana 21 yana daga abubuwan da ke hanawa. Haka wanda ya taɓa samun zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko ya bugu sosai a ka, ko aka yi masa tiyatar kai ko ta laka, ko ya yi wata shanyewar jikin cikin wata uku. Haka mai ƙari a cikin ƙwaƙwalwa, da wanda ƙwayoyin cuta suka kama ƙyauren zuciyarsa. Babbar tiyata cikin mako biyu sai an auna riba da hasara. Ga masu shan warfarin, wani maganin tsinka jini, irin waɗanda aka sauya wa ƙyauren zuciya, in gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, ya haura 1.7 ba a yi. Ƙwayoyin daskarar da jini in sun gaza 100,000 ma haka. Rabin waɗannan ba injin da zai nuna mana cikin gaggawa, daga bakin dangi muke ji.

Maman Tagwaye:
Likita, mace mai ciki ko mai jego fa? Maƙwabciyata bakinta ya karkace kwana goma bayan haihuwa, aka ce iska ce ta wankan jego.

Likitan Gaggawa:
Maman Tagwaye, wannan tambaya ta shafe mu sosai. Ciwon zuciyar jego, inda zuciya ke kumbura ta yi rauni a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya, an daɗe ana rubutu a kansa daga Zariya da Kano da Sakkwato. Zuciyar da ba ta matsa jini da kyau gudan jini kan kwanta a cikinta, ya ɓalle ya tafi kai. Mai ciki ana iya yi mata allurar idan shanyewar mai tsanani ce kuma an ga amfanin ya rinjayi haɗarin zubar jinin mahaifa. Makonni biyun farko bayan haihuwa kuwa mahaifa ɗanyen rauni ce, balle in tiyata aka yi, sai an zauna da likitan mata an yanke shawara tare. Jinin al'ada na yau da kullum ba ya hanawa. Abin da ba na so shi ne a ce iska ce a zauna a gida.

Jikan Wanzamai:
Ni gidanmu ƙaho muka gada. Mutane kan kawo mana mai shanyewar jiki su ce a zuƙe mataccen jini. In an yi ƙaho sannan aka je asibiti, ya hana allurar?

Likitan Gaggawa:
Malam, na ji daɗi da ka tambaya. Tsagar ƙaho a fata take, in ta yi jini ana iya dannewa da hannu, don haka a gaya wa likita kawai ya sani. Ɓarnar tana wajen lokaci. Gudan jinin yana can cikin jijiyar ƙwaƙwalwa, ƙaho ba ya kai wa gare shi. An ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa duk minti ɗaya. In aka kawo maka irin wannan, alherin da za ka yi musu shi ne ka duba agogo, ka tambayi yaushe aka gan shi lafiya, ka tura su asibitin da ke da hoton siti. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, don haɗiya kan lalace, abin ya wuce huhu.

Mai Kantin Magani:
In ƙara da wani abu da nake gani a kanti. Dangi kan rugo su ce a ba su asfirin, wai an ce yana tsinka jini. Don Allah a daina kafin hoto. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna kusan kashi 32 cikin ɗari na shanyewar jiki a wurinmu fashewar jijiya ce, ba toshewa ba. Kusan ɗaya cikin uku. Da ido ba a bambancewa. Sannan mai ciwon suga da ya faɗi, musamman da azumi, a fara auna sugansa, don faɗuwar suga kan kwaikwayi shanyewar jiki sak, shi ya sa ko a asibiti sai an auna kafin a taɓa allurar.

Malamin Lissafi:
Yayana an yi masa irin wannan allura da jijiyar zuciyarsa ta toshe shekara biyu da suka wuce, kuma ba a yi maganar awa huɗu da rabi ba. Ko daban ce?

Mai Kantin Magani:
Mai yiwuwa sitireftokaines aka yi masa, ita ce mai araha, daga ƙwayar cutar da ke kawo ciwon maƙogwaro ake samo ta. Ga zuciya ana da awa 12, kuma manyan bincike biyu, na Italiya a 1986 da wani na ƙasashe da yawa a 1988, sun nuna tana rage mutuwa. Amma ba a yin ta ga shanyewar jiki, an gwada a shekarun 1990 aka dakatar saboda zubar jini. Malam, ka gaya wa Yaya ya rubuta sunan allurar ya ajiye a aljihu. Jiki yana yi mata garkuwa, in aka maimaita tana iya ƙin aiki ko ta tayar da borin jini, sai a nemi wata irin.

Likitan Gaggawa:
Haka ne. A zuciya ma akwai tarko: ciwon ƙirji mai tsagawa zuwa baya kan zama yagewar babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, in aka yi wa wannan allurar narkarwa an gama da shi. Gudan jini a huhu kuma, sai wanda awon jininsa ya faɗi ƙasa ake yi wa kai tsaye. Binciken PEITHO na 2014 ya gwada wata allurar narkarwa ga waɗanda ba su kai haka ba, ta rage durƙushewa, amma zubar jini a ƙwaƙwalwa ta kai kashi 2 cikin ɗari a kan 0.2.

Ɗan Fagge:
Likita, tambaya ta ƙarshe. Wanda ya tashi daga barci da ciwon ke nan babu abin da za a yi masa?

Likitan Gaggawa:
Akwai, inda kayan aiki suke. Tun 2018 an nuna cewa hoton em-ar-ai, wani irin hoton kai daban da na siti, na iya nuna ko ciwon sabo ne, a yi allurar ko da ba a san lokacin ba, amma ga Baba maganar Xarelto tana nan. Hanyar da za ta fi dacewa da irinsa ita ce a zura siririyar waya ta jijiyar cinya a zaro gudan jinin, in babbar jijiya ce ta toshe. Ana yi har zuwa awa 24 ga waɗanda hoto ya nuna sun dace, kuma maganin tsinka jini ba ya hana ta yadda yake hana allura. Wannan aikin ne ya yi mana ƙaranci ƙwarai, kuma a kansa ya kamata mu ɗaga murya. Yanzu dai abin da ke gabanku: gashi da motsa jiki tun yana gado, gwajin haɗiya, juya shi don kada ya yi gyambon kwanciya, da tambayar likitansa ranar da za a mayar da shi kan ƙwayar. In tsadarta ce matsala ku faɗa masa ƙarara, a duba ko warfarin zai yiwu.

Ɗan Fagge:
Na dawo daga gida yanzu. Na sa ƙanwata ta ɗauko kwalin muka ƙirga da Hajiya. Ita ce ta miƙa masa ƙwayar da hannunta daren Litinin bayan ya ci tuwo, ta ce kwana biyu kafin nan bai sha ba shi ya sa ta matsa masa. Ban taɓa tambayarta ba sai yau. Gobe in Allah ya kai mu zan nemi likitan nan, don na ɗaga masa murya a gaban mutane ran nan.

Nas Mai Aikin Dare:
Ka same shi bayan zagayen safe, wajen sha ɗaya, ya fi samun sukuni. Ka tafi da kwalin duk magungunan Baba a leda ɗaya. Yaya haɗiyar tasa yanzu?

Ɗan Fagge:
Jiya ya sha koko cokali shida bai ƙware ba, Anti. Yatsun hannun ma sun ɗan motsa da mai gashin ta zo.